Idan Mai Kai Abinci Ya Buge Ka a Hanya: Yadda Za Ka Bi Haƙƙinka

Duk wanda ke zirga-zirga a Wuse ko Gwarimpa a Abuja, ko Zoo Road da Nassarawa a Kano, ya saba ganin samarin nan masu babur da akwati a baya, suna kurɗawa tsakanin motoci. Akasarinsu gwargwadon odar da suka kai ake biyansu, ga mai abinci yana ta kira a waya wai shinkafarsa za ta huce. Gaggawa ce jarinsu, ita ce kuma ke jawo haɗari.

In abin ya faru, yadda yake ƙarewa kusan iri ɗaya ne. Jama'a su taru, yaron ya durƙusa yana ba da haƙuri, wani dattijo ya ce tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa, a karɓi 'yan dubbai daga aljihunsa, kowa ya watse. Bayan kwana biyu ƙafa ta kumbura, hoto ya nuna karaya, lambar da ya bayar kuma a kashe.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, yaron da ke kan babur ɗin da wuya ya iya biyanka. Kuɗin suna bayansa: wurin mai babur ɗin, ko gidan abinci ko kamfanin da ya aike shi, ko kamfanin inshora. Duk matakan da ke ƙasa hanya ce ta isa ga waɗannan mutane da hujja a hannu. Bayanin kuma na Najeriya ne.

Mataki na farko: kafin a watse

Rai ne gaba da komai. In akwai wanda ya ji ciwo sosai, a kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ko 112. Kada a bari a doki yaron. Ban da zalunci ne, dukan nan yana juya magana, a wayi gari kai da ke da gaskiya kai ake tuhuma. Haka nan kada ka ƙwace masa babur ko waya ka tafi da su gida da sunan jingina. Wannan aikin 'yan sanda ne.

In kana iya tsayawa, ko akwai wani naka a wurin, wayarka ta yi aiki kafin a janye ababen hawa. Ka ɗauki lambar babur ɗin yadda za ta karantu. Ka ɗauki akwatin baya da rigar yaron, domin a nan sunan kamfani ko gidan abinci yake. Ka ja baya ka ɗauki titin gaba ɗaya, a ga inda kowa ya tsaya, da sawun birki, da fitilar ba da hannu in akwai. Sai ɓarnar motarka, sai raunin da ke jikinka.

Akwai hoto ɗaya da kusan kowa ke mantawa, alhali ya fi sauran daraja: fuskar wayar yaron tana nuna odar da yake kan kaiwa, da lambarta da lokacinta. Ka roƙe shi cikin lalama ya nuna maka. In ya ƙi, ka ɗauki takardar da ke manne a jikin ledar abincin. Dalili kuwa, ranar da ka je wurin wanda ya aike shi, abu na farko da za a ce maka shi ne ba a bakin aiki yake ba, harkarsa ya tafi. Wannan hoton ne ke rufe wannan ƙofa.

Ka kira lambar da ya ba ka a gabansa ka ji ta yi ƙara. Ka karɓi lambar mutum biyu ko uku da suka ga abin da idonsu, musamman masu zama a wurin kullum, kamar mai shago ko mai faci ko mai shayi, ba ɗan kallo mai wucewa ba. Ka duba ko akwai banki ko gidan mai ko kanti mai kyamara a kusa. A nemi hoton cikin kwana ɗaya ko biyu, don na'urorin nan suna goge tsohon ɗauka da kansu.

Kalma biyu kuma ka riƙe bakinka daga gare su a bakin titi: "laifina ne" da "na yafe". Ba a san girman rauni ba sai jiki ya huce.

Mataki na biyu: asibiti, ko da kana jin lafiyarka lau

Ka je a ranar. Buguwar kai da zubar jini ta ciki ba sa nuna kansu da wuri. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, saboda haka ba sai an jira takardar 'yan sanda kafin a taɓa ka ba. Ka gaya wa likita ƙarara cewa babur ne ya buge ka, a wuri kaza, da ƙarfe kaza, don ya shiga fayil.

Ga wata magana da wasu ba za su ji daɗinta ba. Mutanenmu da yawa daga wurin haɗari gidan mai ɗori suke wucewa. Ban zo musu a kan gwanintar masu ɗori ba, amma mai ɗori ba ya ba da rasit, ba ya rubuta rahoto, kamfanin inshora da kotu kuwa takarda suke karantawa. A Kano ga Asibitin Ƙashi na Dala, ga sashen gaggawa na Asibitin Murtala, ga na Malam Aminu Kano. A Abuja ga Babban Asibitin Ƙasa. A ɗauki hoton ƙashi, likita ya gani ya rubuta, wannan shi ne tushen duk wata diyya ta rauni.

Ka samu jaka ɗaya ka riƙa zuba duk wata takarda: kati, hoton ƙashi, takardar magani, rasit ɗin kemis komai ƙanƙantarsa. Kuɗin adaidaita zuwa asibiti ba shi da rasit, sai ka riƙa rubutawa a littafi da kwanan wata. In jinya ta yi nisa, ka nemi rahoton likita mai hatimin asibiti, wanda ya faɗi irin raunin, da aikin da aka yi, da ko zai bar nakasa.

Mataki na uku: 'yan sanda

Ka kai rahoto ofishin da wurin haɗarin ke ƙarƙashinsa, sashen kula da haɗurran mota da ake kira MTD. Su ne ke zana taswirar wurin, su ɗauki jawabin kowa, su sa jami'an duba lafiyar ababen hawa su gwada birki da sauransu. 'Yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, ko 'yan Rod Sefti suna iya taimakawa a wurin, amma rahoton 'yan sanda shi ake tambaya daga baya. Ka karanta jawabinka kafin ka sa hannu, in ba ka karanta Turanci ka zo da wanda zai karanta maka. Ka duba taswirar ita ma kafin ka amince da ita. Ka rubuta sunan jami'in da ke riƙe da fayil ɗin.

Amfanin wannan mataki bai tsaya ga takarda ba. Da zarar babur ya kwana a caji ofis, mai shi na gaskiya zai bayyana da ƙafarsa, da takardu a hannu, domin kowace rana asara yake yi. A nan za ka ga sunan da ke kan rajista da takardar inshora. Ka nemi kwafinsu kafin a saki babur ɗin.

Sai dai ka sani, 'yan sanda ba kotu ba ne, ba su da ikon yanke maka diyya. Gurfanar da yaron kan tuƙin ganganci shari'a ce daban, neman kuɗinka shari'a ce daban.

Mataki na huɗu: wa ke bayan babur ɗin?

Nan ne aikin yake. A dokar da kotunan Najeriya ke bi, idan ma'aikaci ya yi sakaci yana cikin aikin da aka sa shi, ubangidansa yana ɗaukar alhaki tare da shi. Idan kuwa mai zaman kansa ne da aka ba kwangila, a mafi yawan lokuta wanda ya ba shi aikin ba ya ɗauka. Don haka tambayar ita ce: wane irin zama ne tsakanin yaron da masu akwatin da ke bayansa?

Mafi sauƙi shi ne inda gidan abinci ya sayi babur da kuɗinsa, ya ɗauki yaro yana biyansa albashi. Wannan ba wani ja-in-ja, gidan abincin za ka nufa. Kusa da shi akwai ƙananan kamfanonin kai saƙo, masu babura biyar ko goma, da ke yi wa masu dafa abinci a gida da masu talla a Instagram da WhatsApp aiki. A Kano da Kaduna irin waɗannan suna da yawa. A nan kamfanin saƙon ne ubangida, ba matar da ta dafa abincin ba, sai a daina zuwa ƙofar gidanta ana hayaniya.

Akwai kuma wanda wani mai hali ya saya wa babur, yana kawo balas kullum ko duk mako, ko yana biyan kuɗin babur ɗin kaɗan-kaɗan har ya zama nasa. Mai babur zai ce maka haya kawai ya bayar. Wataƙila haka ne, amma sunansa ne a kan rajista, sau da yawa kuma shi ya yanki inshorar, saboda haka dole a sa shi cikin magana.

Mai wuyar ita ce ta manyan manhajoji irin su Chowdeck da Glovo. Tsarin irin wannan sana'a a duniya shi ne a ɗauki masu babur a matsayin abokan hulɗa masu zaman kansu, ba ma'aikata ba, wani lokaci ma ta hannun wani kamfani na tsakiya mai tarin babura. Wannan ba ya nufin ƙofa ta rufe. Kotu ba sunan da aka rubuta a takarda kaɗai take dubawa ba, tana duba wa ke juya aikin: wa ke ba da oda, wa ke yanke farashi, wa ke iya dakatar da yaron in ya yi laifi, na wa ne akwatin da rigar. Wannan muhawara ce ta lauya, amma hujjojinta kai za ka tara. Ka kai ƙorafi ta cikin manhajar da kuma imel a ranar ko washegari, da lambar oda da lambar babur, ka tambaye su kai tsaye ko suna da inshorar da ta shafi wanda mai babur ɗinsu ya ji wa ciwo. Amsar ta zo a rubuce. Kiran waya iska ne.

Sunan da ke jikin akwati ba lallai ya zama sunan rajista ba. Ka bincika a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ka samo cikakken suna, don ƙarar da aka shigar da sunan da babu shi a doka tana iya faɗuwa tun ba a fara ba. Kada kuma ka yi sanyin jiki. Kamfanonin wannan harka suna zuwa suna tafiya: Jumia Food da Bolt Food duk sun rufe a Najeriya a Disambar 2023.

Mataki na biyar: inshora

Doka ta wajabta wa kowane abin hawa, har da babur, inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. An yi ta ne domin irinka, ba domin mai babur ba. 'Yan sanda sun fara matsa lamba a kanta daga 1 ga Fabrairu 2025, a cikin shekarar kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003.

Fara da tabbatar da cewa takardar ta gaske ce, domin ta bogi ta yi yawa, irin wadda ake haɗa wa mutum a bakin ofishin lasisi. Ka danna *565*11# a wayarka ka sa lambar babur, ko ka duba a shafin askniid.org. In ta gaske ce, sunan kamfanin inshorar zai fito.

A jadawalin da hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fara aiki da shi ranar 1 ga Janairu 2023, babur yana biyan naira 3,000 a shekara, iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya kuma naira miliyan 1. Adaidaita sahu 5,000 da miliyan 2. Motar gida 15,000 da miliyan 3. Ka lura, wannan iyaka ta dukiya ce, wato motarka ko shagonka. Rauni da rasa rai ba a ƙayyade su da wannan adadi ba. In gyaran motarka ya haura miliyan ɗaya, wanda a farashin kayan gyara na yau ba abin mamaki ba ne, ragowar tana wuyan mai babur da ubangidansa.

A ƙa'ida mai inshorar ne ke sanar da kamfaninsa, amma kada ka zauna jiransa. Ka rubuta musu da kanka, ka haɗa da rahoton 'yan sanda, hotuna, rahoton likita, rasit, da ƙiyasin gyara daga bakanike da mai gyaran jikin mota. Kada ka gyara motar sai wakilinsu ya zo ya gani, ko sun ba ka izini a rubuce. Wannan kuskuren ya cinye haƙƙin mutane da yawa: mota ta fito fes daga gareji, ba sauran abin nunawa.

Akwai uzurin da za ka iya ji: an yanki inshorar a matsayin babur na hawan kai, sai aka shiga sana'a da shi. In sun ce haka, su rubuto maka, ka kai wa lauya, domin ba kowane saɓani tsakanin kamfani da mai inshora ne ke shafar wanda aka buge ba. In suka yi ta ja maka rai ba dalili, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma kamfanoni ba sa son sunansu ya je can.

In kai kana da cikakkiyar inshora a motarka, hanya mafi sauri ita ce kamfaninka ya gyara maka, shi ya bi su. In kuma babu inshora ko kaɗan a babur ɗin, haƙƙinka bai faɗi ba, sai dai galibi daga aljihun masu shi zai fito.

Mataki na shida: lissafi

Kotu ta kasa diyya gida biyu. Akwai asarar da ake ƙirgawa: kuɗin asibiti, magani, gyara, wayar da ta fashe, kuɗin shigar da ka rasa kana kwance. Wannan sai an jera ta ɗaya bayan ɗaya an kawo hujja, abin da ba hujja ba a bayarwa. Ma'aikaci ya kawo takardar albashi. Ɗan kasuwa ko tela ya kawo littafin ciniki ko bayanan asusun banki na watannin baya. Sai kuma wadda alƙali ke ƙiyastawa: raɗaɗi, wahala, nakasa, abin da mutum ya saba yi ya daina iyawa.

Kada ka manta da gaba. In an sa ƙarfe a ƙafa, akwai aikin cire shi, akwai gashin ƙashi. Likita ya rubuta ƙiyasinsu. Kuma ka yi wa kanka adalci: in kai ma da naka, kamar ka tsallaka titi a ƙarƙashin gadar masu tafiya a ƙasa, ko ka buɗe ƙofar mota ba ka duba ba, za a rage diyyar gwargwadon naka sakacin. Ƙara gishiri a lissafi kuwa yana zubar da darajar sauran takardunka na gaskiya.

Mataki na bakwai: wasiƙa da sulhu

Ka aika wasiƙar neman biya ga duk waɗanda ka gano, yaron da mai babur da kamfani, da kwafi ga inshora. Ta ƙunshi abin da ya faru, abin da kake nema, da wa'adi, misali kwana 14. A sa hannu a kwafinka cewa an karɓa. In da rauni babba, lauya ya rubuta ta.

Mafi yawan irin wannan magana a sulhu take ƙarewa, kuma ni ina ganin hakan ya fi, muddin an yi shi ido buɗe. Ko a gaban mai unguwa ne, ko Hisbah, ko cibiyar sasanci ta babbar kotu irin wadda ake da ita a Kano da Abuja da Legas, a rubuta: nawa ne, wa zai biya, yaushe, ta wane asusu, da shaidu. In biya kaɗan-kaɗan ne, a samu mai tsaya masa wanda ke da abin hannu. Amfanin rubutun shi ne ya mayar da maganar bashi tsayayye, wanda in an saɓa ana iya kai shi kotun ƙananan basussuka ba tare da an sake tono wa ke da laifi ba.

Takardar da za ka yi hattara da ita ita ce ta sallama, wadda ke cewa ka karɓi kaza kuma ba ka da sauran wani haƙƙi. Kamfanin inshora zai kawo ta, kamfanin saƙo ma haka. Kada ka sa hannu sai likita ya faɗi inda raunin ya tsaya. In suna so su taimaka da kuɗin asibiti tun yanzu, madalla, a rubuta cewa kafin alƙalami ne.

Wanda kuma ya ga dama ya yafe, haƙƙinsa ne, kuma alheri ne. Amma a bambanta yafe wa yaro talaka da yafe wa kamfanin inshora da ya riga ya karɓi kuɗi domin irin wannan rana. Shari'ar Musulunci da kanta ta tabbatar da diyya a kisan kuskure da kuma raunuka, neman ta ba ƙin ƙaddara ba ne.

Mataki na takwas: kotu

In sulhu ya ƙi, sai ƙara. Girman kuɗin da kake nema shi ke nuna ko ƙaramar kotu ce ko babbar kotun jiha. A jihohin da ke da kotunan shari'ar Musulunci, Musulmi biyu suna iya kai maganarsu can, amma in kamfani da inshora suna ciki, lauya zai fi karkata ga kotun jiha. A haɗa duk waɗanda ake zargi a ƙara ɗaya, kuma a sanar da kamfanin inshora a rubuce tun kafin a shigar ko da zarar an shigar, don kada ya ce bai sani ba ranar biya.

Lokaci yana ƙurewa. Kowace jiha tana da dokar wa'adin shigar da ƙara. A Legas shekara 3 ne ga ƙarar rauni, wasu jihohin nasu ya bambanta, sai ka tambayi lauya na jiharka tun a watan farko. Zaman sulhu da alkawuran "za mu duba" ba sa tsayar da wannan wa'adi. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa da ke jiharsa, domin dokarta ta 2011 ta haɗa da ƙarar diyyar haɗari. Wasu lauyoyin kuma suna yarda a biya su kaso daga abin da aka samu. A rubuta kason tun farko.

In abin ya zo da ƙarar kwana, Allah ya kiyaye, iyalan mamaci ne ke nema. Gaggawar jana'iza kan sa a manta da takardar shaidar rasuwa daga asibiti, wadda ta faɗi sanadi. Wani daga cikin dangi ya tsaya ya karɓe ta. Kuɗin da aka kawo wurin zaman makoki kuma a fayyace a gaban shaidu ko na ta'aziyya ne ko wani ɓangare na diyya, domin ana iya samun marayu a cikin magada waɗanda ba wanda ke da ikon yafe rabonsu.

In kai ne mai babur ɗin kuma kai aka buge, duk matakan nan naka ne a kan direban da ya buge ka. Ƙari a kan haka, in ma'aikacin kamfani ne kai mai albashi, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba ka damar nema ta hukumar NSITF, mai biyan diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki, ko da wa ke da laifi. Ka sanar da ubangidanka a rubuce cikin kwanakin farko, ka riƙe kwafi.